Shekara uku ana ɗura mini maganin maleriya, ashe ƙashi ne a wuyana

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Shekara ashirin da wani abu ina kan keke, kuma ban taɓa rubuta awon mutum a takarda ba, a kai nake riƙewa. Yau sai in auna kafaɗar mutum, kafin in ajiye tef lambar ta ɓace. Sallar bara na ɓata shaddar wani bawan Allah, yadi biyar, na biya daga aljihuna. Kaina ya zama kamar safiyar hunturu da hazo ya sauka: ina ganin mutane, ina jin maganarsu, amma kafin ma'anar ta iso sai an maimaita mini.

Ga jiri. Ba jirin yunwa ba, ba na tashi tsaye da sauri ba. Nawa yana zuwa ne idan na juya wuya. A sallah na fara lura da shi: in na yi sallama dama lafiya lau, ina juyawa hagu sai masallaci ya karkace, kunnena ya ɗauki ƙara, shuuu, kamar an kunna famfo. A maƙogwaro kuma kullum kamar ƙayar kifi ta tsaya, in haɗiyi yawu in ji ta har cikin kunne.

Wannan bayanin, kalma da kalma, na yi shi a asibiti ya fi sau goma. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ban ɓoye komai ba, ban yi kwana-kwana ba. Na ce wuya, na ce juyawa, na ce maƙogwaro. Amma mutum ya bar gida tun asuba, ya hau trotro, ya karɓi kati, ya zauna a benci har azahar, sannan a ba shi minti uku da likitan da bai ɗago ido daga takarda ba. "Je ka yi gwajin jini." Maleriya. In gwajin bai nuna maleriya ba, taifod. In babu taifod, ƙarancin jini. Da suka rasa abin faɗa sai wani matashi, wanda na haifi kamarsa, ya dube ni ya ce, "Baba, tunani ne ya yi maka yawa, ka rage damuwa." To ta yaya zan rage damuwa, ina tsallaka titi a Kejetia ba na iya waiwayawa in ga motar da ke tahowa?

A cikin shekara ukun nan babu wanda ya miƙe daga kujera ya taɓa wuyana. Ko ɗaya.

A unguwa ma ban tsira ba. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce an yi mini sammu saboda ɗinki ya karɓe ni. Wani wanzami ya ce beli ne, in kawo kai ya yanke. Ba na zargin su sosai, iya saninsu ke nan, kuma da ƙauna suka faɗa. Wanda ya sa farar riga ya karɓi kuɗina shi nake tuhuma. Har uwargidana, wadda ta fi kowa haƙuri da ni, wata rana ta ce, "Maigida, ko dai mu koma wajen Malam?" Na gane ita ma ta fara shakkar ko ciwon a jiki yake. Wannan ya fi jirin ciwo.

Haƙori ne ya kai ni wajen wata likitar haƙori, ta ɗauki hoton muƙamuƙi gaba ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye ni ko ina jin wani abu a maƙogwaro. Na kusa yin kuka. Ta tura ni wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Shi kuma ya sa safar hannu, ya zura yatsa can gefen maƙogwarona ya danna, zafin da na sani shekara uku ya harba har kunne. Gwajin da bai kai minti ɗaya ba.

Ga abin da ya bayyana mini, ina faɗa saboda na tabbata akwai irina a zangonnin nan. Ƙarƙashin kowane kunne akwai wani siririn ƙashi da ya sauko daga ƙoƙon kai kamar tsinke, sunansa sitailoyid. Tsawonsa bisa al'ada santimita 2.5 zuwa 3 ne. A wasu mutane yakan zarce haka, ko kuma igiyar naman da ta taso daga bakinsa ta sandare ta zama ƙashi. Wurin kuwa matsattse ne, cike da jijiyoyi. In ya taɓa jijiyoyin maƙogwaro sai a ji ƙaya da ciwon kunne. In ya danne babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa sai jiri, musamman in an juya kai. Akwai kuma jijiyar da ke sauko da jini daga kai zuwa zuciya. Wani lokaci takan matse tsakanin wannan tsinken da ƙashin farko na wuya, jini ya kasa sauka yadda ya kamata, sai nauyin kai, ƙarar kunne da wannan hazon. Wani likitan Amurka, Watt Eagle, shi ya bayyana ciwon tun 1937, shi ya sa ake kiransa da sunansa, wato ciwon Eagle. Tun 1937! Ghana ba ta ma sami 'yancin kai ba sai bayan shekara ashirin, a 1957. Ba sabon abu ba ne da za a ce bai iso littattafai ba.

Likitan ya yi mini gaskiya, ya ce mutane da dama suna da dogon ƙashin nan ba su taɓa jin komai ba har su mutu, don haka ganinsa a hoto kaɗai ba hujja ba ce, kuma ba kowane jiri ne nasa ba. Sai an yi hoton siti sikan na wuya, an zuba ruwan da ke haska jijiyoyi, an ga ko da gaske yana danne wani abu. Na yarda da wannan. Ban taɓa cewa kowane likita ya gane ciwon da ba kasafai ake gani ba a zama ɗaya. Abin da nake cewa shi ne, in ka ba mutum maganin maleriya sau uku ya dawo da kuka iri ɗaya, ka ji tsoron Allah ka ce ban sani ba, ka tura shi gaba. Kada ka ce masa tunani ne.

Sai batun kuɗi. Da na je yin hoton aka dubi katin inshorata aka mayar mini, aka ce a biya tukuna. Na sayar da keken ɗinkina na biyu, wanda yaron shago ke koyo a kai. Hoto ya fito, ƙashin na hagu ya haura santimita 4, ya jingina da jijiyar jini. Da kuɗin da na zubar a kan allurai da ƙwayoyin ciwon da ba ni da shi aka tara, da ya biya hoton nan ba tare da na taɓa keke ba.

Yanzu maganar tiyata ake, a gutsure ƙashin, ko ta cikin baki ko ta gefen wuya. An gaya mini akwai jijiyoyin fuska a kusa, kuma ba a yi mini alkawarin hazon zai washe duka ba. An ba ni rana, na je, aka ce likitan da zai duba hoton jijiyar ba ya nan, in dawo bayan sati uku. Na koma, aka ce ba a ga fayil ɗina ba. Ranar Talata zan sake komawa, ɗana zai riƙe mini hannu mu tsallaka titi, hoton yana cikin leda a ƙarƙashin filona don kada shi ma a ce ya ɓace.