Alhaji Ya Dawo da Kwamfuta

Teburin mai shayi, bayan sallar isha'i. Bazazzage yana firfita shayinsa, Bafulatani na gefe ya jingine sanda. Sai ga Bakano da kwamfuta a hammata, idanu jajur.

BAKANO: Ungo tsiyarka. Ba ni kuɗina.

BAZAZZAGE: Bawana, ko sallama babu? Me kwamfutan ya yi maka?

BAKANO: Kwamfutar TA yi, Bazazzagen banza. Ita lafiyarta ƙalau. Wasan da ka zuba a ciki ne. Abin rage dare na ce ka sa mini, ka sa mini abin da ya cinye dare tara.

BAZAZZAGE: Baldur's Gate ke nan. Kamfanin BioWare ne ya yi shi, can Edmonton a Kanada, 1998. Faifai biyar ya zo da su. Kuma likitoci uku ne suka kafa kamfanin.

BAKANO: Likitoci! Shi ya sa. Su ɗora maka hawan jini, ka dawo ka yanki kati.

MAI SHAYI: Alhaji, kauri ko ruwa-ruwa?

BAKANO: Kauri. Tun ban shiga ba aka fara wahalar da ni. Wai in jefa ƙwayar lido a ga ƙarfina da basirata. Daga la'asar har magariba ina jefawa, ko ƙyallin dodo ban gani ba.

BAZAZZAGE: Wa ya tilasta ka? An ba ka 17 ka ce sai 18. Da inji ma sai ka yi ciniki.

BAKANO: Na zaɓi boka, don na ji an ce ribarsa tana gaba. Muna fita daga Candlekeep, garin da ake fara wasan, wani ƙato mai ƙahoni a hula ya kashe Gorion, tsohon da ya rene ni. Aka bar ni a daji da rai huɗu da tsafi ɗaya tal. Na ga kyarkeci, na jefa masa tsafin, ya girgiza jiki ya taho. Cizo ɗaya, wasa ya ƙare. Wai in ina son tsafin ya dawo, sai na yi barcin awa takwas.

MAI SHAYI: Aikin minti ɗaya, barcin awa takwas? Wannan ai yaron shagona ne.

BAKANO: Ga ha'inci a kasuwa. Na saya wa ɗaya cikin yarana sulke, lambar kariyarsa tana 10, yana sawa ta koma 5. Na biya kuɗi an rage mini kaya!

BAZAZZAGE: Jahilci dai ciwo ne. Dokokin Dungeons & Dragons ne, bugu na biyu, wasan jefa ƙwaya da aka gina wannan a kansa. Akwai abin da ake kira THAC0, wato lamban iya saranka. In naka 20 ne, abokin gaba kuma lambansa 5, ka cire 5 daga 20, saura 15. To sai ka jefa ƙwaya mai fuska 20, ya ba ka 15 ko sama, kafin takobinka ya same shi. Ƙaramin lamba shi ne babban tsaro. Gwanaye har ƙasa da sifiri suke sauka.

BAFULATANI: Tsaya, Malam. Wato a garin nan mai saniya biyar ya fi mai goma?

BAZAZZAGE: Kusan haka.

BAFULATANI: Wanda ake bi bashin shanu kuma shi ne Arɗo. Allah Ya raba mu da garin.

BAKANO: Ka ji mai hankali. Sannan tafiya. Duk faɗin ƙasar, daga Beregost zuwa Nashkel, babu dokin hawa ko ɗaya. A ƙasa muke takawa kamar masu bin bashi. In na ce su shiga ƙofa, uku su shiga, biyu su cushe a bakinta, ɗaya ya juya ya zagaya bayan gari neman wata hanya. In na zo fita, wata murya ta ce sai na tattara jama'ata tukuna. Daren jiya har a mafarki ta yi mini magana.

BAFULATANI: Su nawa ne jama'ar?

BAKANO: Shida, har da ni.

BAFULATANI: Shida! Ni saba'in nake korawa da sanda ɗaya, ba wadda ta taɓa zagaya bayan gari. Akwai nagge a ciki?

BAZAZZAGE: Akwai. Har wani manomi ke roƙo a ceto nasa daga wasu shuɗɗan dodanni.

BAFULATANI: To wasan yana da tarbiyya.

BAKANO: Kibau kuma ashirin-ashirin ake ɗaure su. In sun ƙare ana tsakiyar faɗa, ka buɗe jaka, faɗan bai tsaya ya jira ka ba. Kana lalube ana sara.

BAZAZZAGE: Amma faɗi gaskiya, in ka danna dogon maɓallin nan fa?

BAKANO: To, wannan kam sun yi kai. Kowa ya sandare, kibiya ta tsaya a iska, ka kurɓi shayi, ka ce kai tsaya nan, ke harbi wancan, sannan ka sake su. Da ana samun irinsa a Kantin Kwari da ba a taɓa cuta ta ba. Kuma dajin, kai! Ruwa na sauka, tsawa na faɗuwa, ka bar hanya ka kutsa inda ba a aike ka ba, sai ka haɗu da kaza tana magana. Almajirin boka ne ya taɓa kayan malaminsa ya rikiɗe.

MAI SHAYI: Alhaji, ba dawo da kaya ka zo yi ba?

BAKANO: Zuba shayinka. Mutanen ne suka riƙe ni. Akwai Minsc, ƙaton da ya bugu a ka, yana yawo da ɗan ɓera mai suna Boo, da shi yake shawara kafin yaƙi. In ka yi jinkirin ceto matar da yake gadi, kai zai juyo wa da takobi. Akwai Halidu...

BAZAZZAGE: Khalid.

BAKANO: Halidu. Ga in'ina, ga gudu in faɗa ya yi zafi. Na sallame shi, sai matarsa Jaheira ta kwashe kayanta ta bi shi. Ba a rabawa, kamar mai sayar da doya ya haɗa maka babba da ruɓaɓɓiya.

BAZAZZAGE: Ai Jaheira ya iya magani, dole ka haƙura da mijin.

BAKANO: TA iya! Amma abin da ya fi burge ni sadaka. Ka kai kuɗi ɗakin bautarsu, sunanka ya yi kyau, 'yan kasuwa su rage maka farashi. Sadaka mai dawowa da riba tun a duniya! Sai dai mugayen cikin tawaga su yi ta gunaguni wai kirkina ya yi yawa, in abin ya kai maƙura su yi tafiyarsu.

BAZAZZAGE: Ba su labarin ɗamara.

BAKANO: Wace ɗamara?

BAZAZZAGE: Ya kashe wani ƙaton dodo, ya samu ɗamara. Aka ce kawo zinariya 100 a duba maka ko mene ne. Bakano ya ce ɗari? Ya ɗaura a ƙugu kyauta. Nan take gemu ya ɓace, Alhaji ya koma Hajiya. Ɗamara ya ƙi kwantuwa, kuɗin cirewa kuma ya fi na dubawa.

MAI SHAYI: Hajiya, a ƙara sukari?

BAKANO: Ku yi dariya. Da Bazazzage ne ya ɗaura, ko a jikinsa. Kafin da bayan, duk "ya zo" ne.

BAFULATANI: To wai duk wahalar nan, me ake nema?

BAKANO: Yauwa, nan ne na sara musu. Ƙarfe ya lalace a ƙasar, takobi na karyewa a hannunka ana cikin sara. Ashe wasu 'yan kasuwa ne, Iron Throne, suka sa a gurɓata tamar Nashkel, suka ɗauki hayar 'yan fashi su tare ayari, su kuma suna da nasu ramin a ɓoye cikin dajin Cloakwood. Kaya ya yi wuya, farashi ya tashi. Ban ce halal ba ne, amma an san kasuwa. Ban dai gane abin da na tare wa mai ƙahonin nan ba, da yake ta aiko a kashe ni.

BAZAZZAGE: Sarevok? Ai ɗan ubanka ne. Ku duka 'ya'yan Bhaal ne, gunkin kisa na cikin labarin. Gadon kujeran uban yake nema.

BAKANO: Ka ɓata mini... Tsaya. Ɗan ubana?

BAZAZZAGE: Uba ɗaya, ɗaki daban.

BAKANO: Gado zai cinye shi kaɗai? Ina raye?

BAZAZZAGE: Kawo kwamfutan, ga kuɗinka.

BAKANO: Cire hannunka! Mai shayi, ina soket ɗinka? Ƙara kauri biyu, kuma kada ka rufe da wuri.

MAI SHAYI: To, Hajiya.