Ƙanina, Kafin Ka Ce "Sai An Share Su Duka", Ji Labarin Kambodiya

Ƙannena, akwai maganar da nake yawan ji a bakinku idan an zauna a majalisa ana kukan tsadar rayuwa: wai ƙasa ba za ta gyaru ba sai an tara manya an gama da su, a faro daga tushe. Ban ga laifinku a fushin ba. Wanda ya kammala karatu ya shekara biyar yana yawo da takardu a leda, dole ransa ya ɓaci. Sai dai akwai ƙasar da aka gwada wannan magana a aikace, kuma ina so ku ji yadda ta kaya.

Kambodiya ƙasa ce a kudu maso gabashin Asiya, maƙwabciyar Tailan da Biyetnam. Mutanenta, 'yan ƙabilar Khmer, galibi manoman shinkafa ne mabiya addinin Buda. A 1970 Janar Lon Nol ya kifar da Yarima Sihanouk, ya kafa gwamnatin da cin hanci ya yi wa katutu, har kwamandoji na karɓar albashin sojojin da babu su sai a takarda. Daga 1969 zuwa 1973 kuma jiragen Amurka suna ruwan bama-bamai a kan ƙauyuka, wai suna neman mayaƙan Biyetnam. Ka ga yaron ƙauye da ya binne uwarsa ba ya bukatar dogon wa'azi kafin ya ɗauki bindiga. 'Yan gurguzun da ake kira Khmer Rouge, wato Jajayen Khmer, suka buɗe masa hannu. Sihanouk da kansa, daga birnin Beijin, ya yi kira a mara musu baya, saboda haka da yawa daga yaran nan sun shiga daji ne suna zaton sarkinsu suke yi wa yaƙi.

To su wa ke jan ragamar? Ba talakawan gona ba ne. Saloth Sar, wanda duniya ta sani da Pol Pot, danginsa na da ƙafa a fada. A 1949 ya samu tallafin karatu zuwa Paris don koyon aikin rediyo, ya faɗi jarrabawa, ya dawo gida a 1953, daga baya ya kama koyarwa. Khieu Samphan digirin dakta gare shi a fannin tattalin arziki daga Faransa. Mutanen da suka sha boko suka ƙoshi, su ne suka zo suka rufe wa 'ya'yan wasu makaranta. Ku riƙe wannan, don duk inda kuka ga irin wannan tafiya, haka za ku tarar da shugabanninta.

Ranar 17 ga Afrilu 1975 mayaƙansu suka shiga Phnom Penh, babban birnin ƙasar. Yara ne matasa cikin baƙaƙen kaya, da takalman taya, ba sa dariya. Mutanen gari suka fito suna murna, yaƙi ya ƙare. Kafin rana ta faɗi aka ce kowa ya fita, wai Amurka za ta jefa bam, kwana uku kawai za a yi a dawo. Birni mai mutum wajen miliyan 2 aka kora a ƙafa, a watan da ya fi kowane zafi, har da marasa lafiya ana tura su a kan gadajen asibiti. Kwana ukun nan ya zama shekara uku da wata takwas da kwana ashirin.

Aka soke kuɗi, aka rufe kasuwa da makaranta da kotu. Aka hana dafa abinci a gida, sai kowa ya je rumfa ɗaya ya karɓi ludayin kunun shinkafa. Shugabanni suka zauna a ofis suka yanke cewa kowace hekta sai ta ba da tan 3 na shinkafa. Ƙasa ba ta ba da haka ba, shugaban yanki kuwa yana tsoron ya ce bai cika ba, sai ya kwashe abincin mutanensa ya aika sama. Manomi ya mutu da yunwa a gefen gonar da ya shuka. Mutanen birni aka sa musu suna "sababbin mutane", kuma ana faɗa musu a fili cewa barinka ba riba, rasa ka ba asara. Malami, likita, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya iya Faransanci, duk sai ya ɓoye ko shi wane ne. Laushin tafin hannu ma yana iya tona wa mutum asiri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shekara biyu cur mutane ba su san wa ke mulkinsu ba. Sunan da ake ji kawai shi ne Angkar, ma'ana Ƙungiya. Angkar ta ce, Angkar na kiranka, Angkar na da idanu kamar abarba, tana gani ta kowane ɓangare. Sai a 1977 Pol Pot ya fito ya bayyana cewa jam'iyyar gurguzu ce. An koya wa yara cewa Angkar ce uwa da uba, ana sa su laɓe a ƙarƙashin ɗakuna da dare su ji abin da iyaye ke faɗa. Yaron da aka raba da kunyar iyayensa, me kuma zai ji kunya?

Akwai Musulmi a ƙasar, 'yan ƙabilar Cham, masunta da 'yan kasuwa a gaɓar kogin Mekong. An hana su salla da harshensu, an ƙwace Alƙur'anai, an rushe masallatai, an tilasta musu cin naman alade. A 1975 mutanen Koh Phal da Svay Khleang suka tashi da adduna da wuƙaƙe, aka murƙushe su, aka tarwatsa sauran cikin ƙauyuka. Limaman Buda ma an tuɓe musu rigunansu an kora su gona. 'Yan asalin Biyetnam da suka rage kuwa kusan ba a bar kowa ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, ku da kuke ganin in juyi ya zo kuna cikin masu riƙe da bulala. A Phnom Penh akwai wata makarantar sakandare da aka mayar kurkuku, Tuol Sleng, a takardunsu S-21. Mai kula da ita, Duch, tsohon malamin lissafi ne, mutum mai tsari, komai sai an rubuta. Sama da mutum 12,000 aka tabbatar sun shiga wurin, waɗanda suka fito da rai 'yan ƙalilan ne. Ana gana wa mutum azaba har ya rubuta cewa shi ɗan leƙen asirin CIA ta Amurka ne ko KGB ta Tarayyar Sobiyet, ko da bai taɓa jin sunayen ba, sannan ya lissafo abokansa, su ma a kamo su. Daga nan sai filin Choeung Ek, inda ake kisa da fartanya da ƙarfen amalanke don kada a ɓarnatar da harsashi. Su wa aka fi kaiwa can? 'Yan ƙungiyar ne da kansu: kwamandoji, ministoci, da matansu da jariransu. Hatta masu gadin gidan, waɗanda da yawansu ba su kai shekara ashirin ba, wasunsu sun kwana suna tsaron ɗaki sun wayi gari a cikinsa da mari a ƙafa. Shinkafa ta ƙi, ba a yarda tsarin ne ya gaza ba, to dole akwai maciya amana, kuma kullum sai an samo sababbi. A 1978 aka afka wa yankin gabas gaba ɗaya, shugabansa So Phim, tsohon ɗan gwagwarmaya, ya harbe kansa.

Wannan cin kai da kai ne ya buɗe ƙofar faɗuwarsu. Jami'ansu irin su Heng Samrin da Hun Sen suka tsere Biyetnam. Pol Pot kuma ya dinga kai hari ƙauyukan Biyetnam, ɗan hakin da ya raina. A ƙarshen Disamba 1978 sojojin Biyetnam suka shigo, ranar 7 ga Janairu 1979 suka kama Phnom Penh. Mako biyu kacal. A lokacin an rasa tsakanin mutum miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 cikin kusan miliyan 8.

Kada ku zaci duniya ta yi gaggawar hukunta su. Saboda adawa da Biyetnam da Tarayyar Sobiyet, Sin da Amurka da ƙawayensu suka bar Khmer Rouge da kujerar Kambodiya a Majalisar Ɗinkin Duniya shekara da shekaru, su kuma suna bakin iyakar Tailan suna dasa nakiyoyin da har yau suke cire ƙafafun manoma. Pol Pot ya sa an kashe tsohon amininsa Son Sen da iyalinsa a 1997, mutanensa suka juya masa baya suka tsare shi. Ya gaya wa wani ɗan jarida cewa zuciyarsa wasai take. Ya mutu a Afrilu 1998, aka ƙona gawarsa a kan tsofaffin tayoyi. An yanke wa Duch ɗaurin rai da rai a 2012, sai a 2018 kotu ta kama Nuon Chea, mataimakin Pol Pot, da Khieu Samphan da laifin kisan ƙare dangi, suna tsofaffi tukuf.

Tuol Sleng yanzu gidan tarihi ne. Duk wanda aka kawo sai da aka ɗauki hotonsa da lamba a ƙirji, kuma hotunan na nan jere a bangon azuzuwan, suna kuma intanet. In kana da data, ƙanina, nemo su ka duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga tsofaffi, za ka ga mace rungume da jariri, za ka kuma ga samari sa'anninka sanye da baƙar rigar nan ta Angkar, irin wadda mai ɗaukar hoton ke sanye da ita.