Nasiha ga matasa masu neman kujera: rayuwar Alƙali Jonathan Jasper Wright

Ƴan'uwana matasa, musamman ku da kuka kammala karatun lauya jiya, yau kuke buga fosta kuna neman kujerar majalisa, ina so ku tsaya ku dubi rayuwar Jonathan Jasper Wright, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a kotun ƙolin wata jiha a Amurka.

An haife shi a jihar Pennsylvania a 1840, kuma da yaƙin basasa ya ƙare a 1865, sai ya nufi garin Beaufort a Carolina ta Kudu domin koyar da bayin da aka ƴanta karatu da rubutu. Da alli da allo ya fara. Bayan ya sami lasisin aikin lauya a 1866, ya koma cikin mutanen nan yana ba su shawarar shari'a, don haka lokacin da suka tura shi taron rubuta kundin tsarin mulkin jihar a 1868, sannan majalisar dattawanta, sun riga sun san aikinsa da idonsu. A 1870 majalisa ta zaɓe shi alƙalin kotun ƙoli yana ɗan shekara 29. Kafin ku roƙi ƙuri'ar mutum, ku tambayi kanku wane aiki kuka taɓa yi masa.

Sai dai akwai inda ya kamata ku ji tsoro. Bayan rikicin zaɓen gwamna na 1876 tsakanin Wade Hampton da Daniel Chamberlain, Wright ya sa hannu a hukuncin da ya amince da afuwar da Hampton ya yi wa wata fursuna, wanda hakan ke nufin amincewa da Hampton a matsayin gwamna, sannan ba da jimawa ba ya nemi janye sa hannun nasa. A ganina, matsin da ya sha ba ƙarami ba ne, amma alƙalin da ya yi amai ya lashe yakan rasa amincewar ɓangarorin biyu, saboda haka kada ku ɗauki biro sai kun gama shawara da zuciyarku.

Da abokan hamayya suka karɓi majalisa, suka taso shi gaba da barazanar tsigewa, ya ajiye muƙamin a 1877. Ya koma aikin lauya a Charleston, yana kuma horar da ɗaliban shari'a na kwalejin Claflin, har tarin fuka ya yi ajalinsa a 1885. Sai a 1985 aka sake samun wani baƙar fata, Ernest Finney, da ya zama alƙali a kotun ƙolin jihar.