Malamin gonarmu yanzu mai shagon magani ne

Assalamu alaikum jama'a. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Daminar bara, cikin watan Yuli, kawuna ya kira ni bayan sallar asuba. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ɗana, gona ta ƙone, kuma ba wuta aka sa mata ba." Na hau mota daga Taminus a cikin Jos zuwa bayan Bukuru inda yake noman dankalin Turawa. Abin da na tarar ba daɗin gani. Ganyen ya yi baƙi ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, in ka juya bayansa sai ka ga wani fari-fari kamar an barbaɗa gari, ga wani warin ruɓa da ke tashi daga kunyoyi. Kwana goma kafin nan gonar kore shar take.

Na ce, "Kawu, ba ku yi feshi ba ne?" Ya ce sau biyu ma. Tun da ya ga ɗigon farko ya tsinki ganye ya kai shagon da yake sayen magani, yaron shagon ya duba ya ce ƙwari ne, ya miƙo masa kwalba. Na karɓi kwalbar na karanta. Maganin ƙwari ne kuwa, mai kyau ma. Sai dai abin da ya ci gonar Kawu ba ƙwaro ba ne. Wata cuta ce mai kama da funfuna wadda ke son sanyi da laima, irin yanayin da muke da shi a Filato idan aka jera kwanaki ana yayyafi, gari ya lulluɓe ba rana. Iska da ruwa ke ɗaukarta daga gona zuwa gona, wani lokaci kuma tana cikin irin da aka shuka. Ita ce ta afka wa ƙasar Ailan a 1845, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum wajen miliyan guda. Abin dariya, mu ma airish, wato ɗan Ailan, muke ce wa dankalin. Maganinta sananne ne, irin su mancozeb, kuma ana fesa shi ne tun kafin cutar ta bayyana, domin kariya yake yi. In ganye ya riga ya yi baƙi, an makara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, daga gonar Kawu zuwa Kuru, inda tashar binciken dankali take, ba wata tafiya ba ce. Gaba kaɗan ga Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924, wadda alluran rigakafinta suka taimaka wajen yaƙi da cutar bushiya har duniya ta rabu da ita a 2011. Ga Jami'ar Jos da tsangayarta ta aikin gona da ta likitancin dabbobi. Ga kwalejin gandun daji a cikin gari, ga kwalejin aikin gona a Garkawa. Ɗalibin da ke shekara ta uku a kowace tsangayar noma zai gane wannan cuta da kallo ɗaya. Amma wanda Kawu ya samu a ranar da yake bukata shi ne yaron da ya gama sakandare aka ajiye shi ya kula da shago. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ban ga laifin yaron ba, wallahi. Abin da ya sani ya faɗa.

Manyanmu sun san malamin gona. Mutum ne mai babur da jaka, yana zuwa ƙauye a ranar da aka sani, ya tara manoma a gindin bishiya, ya yanki wani ɓangare na gonar ɗaya daga cikinsu ya ce a yi yadda ya faɗa, sauran a yi yadda aka saba, in kaka ta yi ido ya raba gardama. Tsarin ya yi ƙarfi ne da shirye-shiryen raya aikin gona da Bankin Duniya ya tallafa, waɗanda aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, daga baya kowace jiha ta samu nata. Da kuɗin Bankin ya janye sai babura suka mutu ɗaya bayan ɗaya, malaman suka yi ta ritaya, waɗanda aka ɗauka a madadinsu ba su kai ba. Kawu ya ce rabonsa da ganin malamin gona a gonarsa tun babban ɗansa yana goye. Yaron nan yanzu shi ma da 'ya'yansa.

To amma manomi bai daina tambaya ba. Inda yake kai tambayar ne ya canza. Yanzu shago yake kai ta, ko wajen dillali a kasuwar Farin Gada, ko wajen maƙwabcin da gonarsa ta fi kyau bara. Wannan ita ce maganar da nake so malamanmu na jami'a su ji: ko mun so ko mun ƙi, mai shagon magani shi ne malamin gona a yau. Kullum yana nan, ya san manomi da suna, yana ba shi bashi, kuma harshensu ɗaya. Babu wani farfesa da ke ganin manoma a shekara kamar yadda mai shago ɗaya a Mangu ko Bokkos yake ganinsu a ranar kasuwa guda.

Na yi wannan maganar da wani abokina da ke koyarwa a wata jami'a. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka san da me ake ƙara mini girma? Da takardun da na buga a mujallun masana, da Turanci, wasu ma sai na biya kuɗi daga aljihuna kafin su fito. In na yi wata guda ina yawo a ƙauyuka, ranar tantancewa ba abin da zan ajiye a kan tebur." Ya ƙara da maganar mota da mai, da yajin aiki. Ya tuna mini na 2022 da ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato damina guda cif. Gonar gwaji kuwa ba ta san yajin aiki ba, in ba a shuka a kan lokaci ba shekarar ta tafi. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Ita kanta gwamnati ta sa hannu a kan yarjejeniyar ƙasashen Afirka a birnin Maputo tun 2003 cewa za ta riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kasafinta ga noma, har yau ba mu ga hakan ba.

Sai dai na ce masa ni ba mota ɗari nake nema ba. Manoma dubbai ne, ba za ku iya bin su gona-gona ba. Masu shago kuwa ana iya ƙirga su. A tara na ƙaramar hukuma ɗaya a aji guda kafin saukar damina, kwana biyu kacal, a zo da ganye na gaske a ɗora a tebur: wannan ƙwaro ne, wannan funfuna ce, wannan kuma ciwon da ke sa dankali ya yi yaushi tun yana kore, wanda feshi ba ya yi masa komai sai dai a tuge a canza gona. A koya musu awo da abin da manomi ke awo da shi, murfin kwalba da gwangwanin tumatir, a injin feshi mai lita 16 ko 20, domin ba wanda ke da sikelin giram a gona. A ba su takardar shaida su rataya a shago. Za ku sha mamakin yadda mutum zai riƙe wannan takarda da daraja.

Na san wani zai ce mai shago ciniki yake nema, abin da ya daɗe a kanta shi zai tura. Akwai irinsu, ba na musu. Amma mai shagon da ke zaune a gari ɗaya da manoma ya san in gonar mutum ta mutu, bashinsa ma ya mutu. Yawancinsu rashin sani ne ke damunsu, ba mugunta ba.

Sannan ga ɗalibai. Karatun digirin noma shekara biyar ne, kuma akwai shekarar da ake warewa don aikin gona a aikace. Me zai hana wani ɓangare na wannan shekarar ya zama zaman shago da zaman kasuwa? Ɗalibi ya zauna a benci ranar kasuwa, duk wanda ya kawo ganye su duba tare, abin da ya gagare shi ya ɗauki hoto ya tura wa malaminsa. Shi ma ɗalibin zai koyi abin da babu a allo. Zai ji dalilin da ya sa manomi ke ware ƙananan dankali ya ajiye a matsayin iri ya sayar da manya, alhali sau da yawa ƙananan daga uwa mai ciwo suka fito, shi ya sa amfani ke raguwa shekara bayan shekara. Ba wauta ba ce, kuɗin makaranta ne ke jiran manyan.

Batun harshe kuma ya daɗe yana damuna. A kasuwannin Filato, Birom da Ron da Magabul da Angas da Bafulatani da Bahaushe duk da Hausa suke ciniki. Amma sakamakon bincike da Turanci yake fita, ya kwanta a kundi mai baƙin bango. Cibiyar NAERLS da ke Zariya ta daɗe tana buga ƙasidu da shirya shirye-shiryen rediyo don manoma, a yaba mata. To me ya hana tsangayar da ke nan kusa da mu ta riƙa sakin saƙon murya na minti biyu a WhatsApp duk mako lokacin damina? "An jera kwana uku ana yayyafi, masu dankali a fita feshin kariya, ga abin da za a nema a jikin leda." Kawu ba ya karanta boko, amma saƙon murya ba ya wuce shi, har na siyasa da ba su da amfani.

Ku lura da wani abu. Irin da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, su gyaɗar SAMNUT da waken SAMPEA da masarar SAMMAZ, sun shiga gonaki da yawa, har wajen mutanen da ba su taɓa taka Zariya ba. Bincike in ya shiga buhu yakan yi tafiya da ƙafarsa, daga hannu zuwa hannu. Shawara ce ba ta da ƙafa, sai an samu bakin da zai kai ta.

Bana Kawu ya sake shukawa, rabin abin da ya saba, kuma da irin da ya saya a kasuwa domin mai tsabta ya fi ƙarfin aljihunsa. Kafin ruwa ya kankama na raka shi shagon nan. Na nuna wa yaron hotunan gonar bara a wayata, na nuna masa ledar da ya kamata ya bayar, tana nan kuwa a kantarsa, a layi na biyu. Ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya yago kwalin taliya ya miƙo mini da biro, ya ce, "Yaya, don Allah rubuta mini sunan da manyan baƙi, da ranar da ake fara fesawa. Mutum huɗu ne suka kawo mini irin ganyen nan bara."