Saura Sati Uku Biki, Ina Labarin Sallah?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na raka ɗiyar yayata Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, saura sati uku a ɗaura mata aure. Da hantsi muka shiga, daga masu atamfa zuwa masu labule, daga nan muka tari Keke sai Tudun Wada wurin tela, wanda tun watan jiya yake rantsuwa ɗinki ya kusa (kun dai san tela da biki). Ana kiran Magariba na ce, "Ke, kin yi Azahar kuwa?" Ta sunkuyar da kai. "Inna, in mun koma gida zan haɗa su." Ban iya yi mata faɗa ba, don ni ma da ƙyar na samu La'asar a lungun wani shago.

Duk abin biki yana da mai bibiyarsa. Akwatunan lefe akwai mai ƙirga su, kafinta ana kiransa sau biyar a yini, kuɗin anko har gida ake bin mutum. Sallah ce kawai ba mai tambaya. Alhali Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, sallah farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai. Ba a cire amarya ba, ba a cire uwar biki ba.

Ranar kamu abin ya fi muni. A zaunar da yarinya gaban mai kwalliya tun safe, daga nan alwala ta zama abin tsoro, kada fuska ta ɓaci. Amarya, ki yi alwala kafin a fara, ki ce a dakata in lokaci ya shiga. Kuɗinki kika biya. Lalle ba ya hana alwala, tunda launi ne kawai yake bari a fata. Amma jan farce da farcen roba suna tare ruwa, kuma alwalar da ruwa bai kai farce ba, ba ta yi ba. Akwai mai liƙa su sati guda tana sallah a haka, ba wanda ya gaya mata.

Ango, kai ma ba ka fita ba. Hirar abokai har ƙarfe 2 na dare, Asuba sai rana ta fito, ga bashin da ka ciwo don hayar zauren taro yana jiranka bayan an watse. Abdurrahman bin Auf attajiri ne daga baya, amma da ya yi aure a Madina Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da shi ya yi walima ko da akuya ɗaya. Walimar auren Manzon Allah (SAW) da Nana Safiyya kuwa, a hanyar dawowa daga Khaibar, dabino ne da cuku da man shanu, babu nama babu gurasa. Mu kuma muna neman a ce mana "Allah Ya ba da zaman lafiya", ga salloli biyar-biyar a wuyanmu ba mu biya ba.

Jibi za mu koma Kasuwar Bacci neman kwanuka. Na riga na naɗe sallaya na cusa a jaka, na kuma gaya mata ko muna tsakiyar ciniki aka yi kira, ajiyewa za mu yi. Allah Ya sa tela ya cika alƙawari, Ya kai mu ranar lafiya.