Wannan ba shirmen yara ba ne

Malam marubuci, ka ce shirye-shiryen talabijin na sararin samaniya ɓata lokacin yara ne kawai. Ban yarda ba. Star Trek, wani shirin sararin samaniya na Amurka, ya fara a 1966, lokacin da baƙar fata a Amurka ke fafutukar neman 'yanci, amma aka zaunar da baƙar mace, Nichelle Nichols, cikin jami'an jirgin sararin samaniyar da ke shirin. Da ta so ajiye aikin, Martin Luther King, jagoran fafutukar neman 'yancin baƙar fata, da kansa ya roƙe ta kada ta tafi. Siyasa ce tsagwaronta.

Mu ma a Nima, unguwarmu da ke Accra, muna da abin faɗa. Ledoji sun toshe babban magudanar ruwa, samari suna zaune ba aiki. Ina masu fim ɗinmu? Ku nuna mana Accra ta 2080 idan aka ci gaba a haka, don Allah.