Ba kowane zazzaɓi ba ne palu

Jama'ar Garwa da Marwa don Allah mu yi maganar nan, wlh tana damuna. Mu dai da jiki ya yi zafi sai a ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, a aiki yaro wajen mai tebur ya sayo Coartem da farasitamol, in bai sauka ba a ce ai taifot ce a sake wani maganin, haka za a yi ta fama har wata guda mutum yana ramewa yana jiƙa shimfiɗa da gumi cikin dare, ba wanda ya kawo ciwon zuciya a ransa.

Alhali ciwon zuciya yana kawo zazzaɓi. Ƙwayar cuta kan shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori ko allura marar tsabta ta je ta maƙale a ƙofofin zuciya, kuma ba ta fita sai da allurar jijiya ta sati 4 zuwa 6. Tarin fuka ma yakan tara ruwa a jakar da ta lulluɓe zuciya.

Amma wanda ya fi ci min rai na yara ne, 'yan shekara 5 zuwa 15. Yaro zai yi ciwon maƙogwaro ya kasa haɗiye ko kunu, maimakon asibiti sai a kai shi wurin wanzami a cire belu. Bayan sati 2 ko 3 sai zazzaɓi, yau gwiwa ta kumbura, jibi ciwon ya koma idon sawu, a ce sanyin ƙashi ne a shafa man zafi. A lokacin jikinsa ne yake yaƙar ƙwayar cutar har ya haɗa da ƙofofin zuciyarsa. Ɓarnar ba ta fitowa da wuri, sai yarinya ta girma ta yi aure ta samu ciki, numfashi ya gagara ƙafafu su kumbura, dangi su fara zancen sammu.

Penisilin fa zai iya tare wannan tun daga maƙogwaro! Wanda ya riga ya kamu kuma allura ce duk sati 3 ko 4 na shekaru. In ƙofar ta lalace sai tiyata, irin wadda aka fara yi a asibitin zuciya na Shisong can Kumbo a 2009, talaka nawa ne a nan zai iya kuɗin hanya balle na aikin?

Ni dai roƙona, a yi gwajin palu kafin a sha magani. In ya nuna babu, ko an sha zazzaɓin bai tafi ba, ku roƙi likita ya saurari ƙirji ya tura ekografi, wato hoton zuciya, kuma kada a ɗura wa marar lafiya antibiyotik kafin a ɗebi jininsa, don yakan ɓoye ƙwayar gwajin ya fito ba komai.